Furar 'Yan Gayya

A daminar da Baba ya daina cin abinci, ni aka kirawo, kuma ba don na fi kowa iya jinya ba. Ni ce 'yarsa mace guda da ta rage, ni ce kuma mai bakin da ba a son ji, don haka sai abu ya gagara ake tunawa da ni. Ina makarantar firamaren da nake koyarwa a wajen Ungogo yayana ya bugo mini waya. Ya ce, “Ki zo ki ga tsohon nan. Ya ƙi abinci, ganga kawai yake kaɗawa.” Na ce wace ganga kuma, mutumin da rabonsa da ganga tun ina goyon ɗana na fari. Ya ce in dai zo in gani da idona.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Bagwai da Shanono, inda babu daji ko na jifa da dutse. Ka fita daga wannan gona ka faɗa waccan, layin gamba ne kawai yake raba su. Gandun kakanmu da ke bayan gida a da fili ɗaya ne tun daga danga har bakin burtali. Yanzu gado ya yanka shi siri-siri, kowa da ɗan zirinsa, kowa kuma yana hararar gambar ɗan'uwansa ko ta matso.

Baba makaɗin noma ne, haka ubansa, haka kakansa. Lokacin da ake gayya, wato a tara majiya ƙarfin gari su nome wa mutum ɗaya gonarsa a yini guda, shi ne yake bin bayansu da ganga a kafaɗa. Kowane manomi yana da takensa, ɗan gajeren kiɗa da yake nasa shi kaɗai, wanda yake faɗin ko shi ɗan wane ne, jikan wane. In Baba ya ga wani ya fara sanyi sai ya kaɗa masa nasa. Mutum zai ɗago, ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya koma kan kunya kamar yanzu ya iso gonar. Na sha ganin ƙato ya nome har ya faɗi saboda an taɓa takensa a gaban surukinsa.

Yadda aka koya wa Baba wannan aiki kuwa, shi da kansa yakan ce ko jaki ba a yi wa haka ba. Tun bai kai ɗaukar ganga ba kakanmu yake zaunar da shi ya kifa masa ƙwarya. Zai kaɗa take sau ɗaya, ya ce maimaita, kuma faɗi mai shi da ubansa da gonarsu. In ya kuskure, gular kiɗan ce take sauka a tsakar kansa. Akwai wani ɗan kwari a kan Baba da yake sa mu taɓa muna yara, ya ce nan ne makarantarsa.

Wannan horo ya bi shi har tsufa. Gayya ta mutu a hankali, garmar shanu ta zo, maganin feshi ya zo, samari suka koma birni tuƙa adaidaita. Baba ya rataye ganga a ɗakinsa. Amma kansa bai rataye ba. Sa'o'insa suka fara manta inda suka ajiye carbi, shi kuwa in rigimar iyaka ta tashi shi ake zuwa ɗauka. Zai tsaya ya ɗan buga yatsu a cinyarsa, sannan ya ce wannan zirin na wane ne ɗan wane, iyakarsa daga kututturen gawo ta tashi. Yatsun ne suke fara tunawa, baki ya biyo baya. Mukan yi masa tsiya cewa in aka ɗaure masa hannu ko sunansa ba zai iya faɗa ba. Ba mu san ranar da za mu daina dariyar wannan magana tana zuwa ba.

Doka ɗaya yake da ita a kan kiɗa, kuma na ji ta a bakinsa har na gaji. Ba a kaɗa taken wanda ya mutu. Ya ce take kira ne, wanda aka kira kuma sai ya amsa, don haka ranar da aka kai mutum makwancinsa, makaɗi ya ajiye takensa ke nan. Yana riƙe da shi a ka, amma hannu ba ya sake taɓa shi.

Gigin tsufa ya shigo masa a hankali, bayan rasuwar Innarmu. Ya fara da manta ko ya yi sallah, ya zo yana tambayar matar Yaya ko ita baƙuwar wa ce. Duk wannan na sani, ina zuwa ina gani. Abin da ban sani ba shi ne abin da na tarar a wannan zuwan.

Na isa da hantsi. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya rame har riga ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa matar da ta shigo neman ruwa.

“Sannu, baiwar Allah. Daga ina?”

“Baba, ni ce fa.”

“To, madalla. A gaida mutanen gida.”

Ban yi kuka a gabansa ba. Haushi ma na ji, don ni haka nake, in abu ya yi mini ciwo sai ya fito mini ta faɗa. Na juya na hau matar Yaya da tambayar me ake ba shi. Ta nuna mini kwanon koko da ya huce a gefensa, da tuwon jiya da ba a taɓa ba. Ta ce ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa, shi ma sai da asuba. Da rana ta ɗaga ba mai iya sa masa komai a baki, ga shi da yamma in ya dawo gajiya ta kayar da shi, barci kawai yake yi.

Na ce in ya dawo daga ina. Ta ce in jira.

Rana tana ɗagowa Baba ya miƙe. Mutumin da sai an kama shi yake zuwa bayan gida ya shiga ɗaki da ƙafarsa, ya fito da ganga a rataye, ya bi ta ƙofar baya ya nufi gona. Na bi shi. Gero ya kai gwiwa a lokacin, an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa tana tururi. Babu kowa a gonakin, don masu feshi da sassafe suke gamawa su koma gida. Ya tsaya a bakin danga, ya dubi dama, ya dubi hagu, kamar mai duba ko layi ya daidaita. Sai ya ɗaga gula.

Ban taɓa jin hannunsa ya fita tsaf kamar ranar ba. Babu rawar hannu, babu kuskure. Yana tafe a hankali yana tsallake layin gamba ɗaya bayan ɗaya kamar babu su, don a idonsa gandun bai rabu ba. Da farko daɗi na ji, har na fara murmushi. Sai kunnena ya gane take na farko. Na Sarkin Noman garinmu ne, wanda ya rasu ina 'yar aji uku. Na biyu na ƙanin Baba ne, shi ma ya daɗe a ƙasa. Na uku na wani dogon maƙwabcinmu da ciwon ciki ya kashe. Haka ya yi ta bin su. Na kasa kunne ko zan ji na mai rai ko guda, ban ji ba.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne shirun da yake yi. In ya kaɗa take sai ya ɗauke hannu, ya ɗan karkata kai, daidai tsawon lokacin da mutum zai ɗaga garma ya yi kirari. Sannan ya gyaɗa kai ya wuce na gaba. Wani lokaci har ya yi dariya, kamar an faɗi abin da ya burge shi. Ni malamar makaranta ce, kuma Musulma, na san wanda ya tafi ba ya dawowa huɗar gero. Amma a cikin wannan shirun na sami kaina ina jira in ji amsa, rana tsaka, zufa tana bin bayana.

Ba ni kaɗai nake ji ba. A bakin dangar maƙwabta na hango wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, matar dogon nan da ya rasu. Tana tsaye ta dafa kara. Da Baba ya taɓa taken mijinta sai na ga ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai, kamar yadda mace take yi in maigida ya shigo da baƙi. Na ƙarasa na gaishe ta.

Ta ce, “'Yar nan, kullum sai na ce yau ba zan fito ba. In na ji an kira shi sai ƙafata ta kawo ni.”

Na ce ta yi haƙuri, za mu san yadda za mu yi.

Ta ce, “Ni ban ce a hana shi ba.”

Yaya kuwa hanawa yake so a yi. Ya ce gari ya ɗauka, ana cewa tsohon gidanmu yana tara matattu a gona, yara sun daina bin burtali da rana. Ya ce ya taɓa ɓoye gangar a rumbu, Baba ya fita haka nan yana dukan ƙirjinsa da gwiwarsa har fatar yatsunsa ta fashe, dole aka mayar masa. An kawo malami ya yi masa addu'a, ya zauna lafiya lau ya shafa, rana tana ɗagowa ya ɗauki gangarsa.

Muka kai shi asibiti a birni. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta tambaye shi wace shekara muke ciki, ya ce ta tambayi manya. Ta tambaye shi sunan 'ya'yansa, ya yi mata murmushi. Da na ba ta labarin gangar ba ta yi mamaki ba. Ta ce abin da aka horar da hannu da kunne a kai tun ƙuruciya yakan daɗe bayan sunaye da fuskoki sun tafi, kuma wataƙila wannan horon ne ya riƙe masa kansa har ya kai waɗannan shekaru garau. Ta ce kada mu raba shi da kiɗan. Amma ta faɗa mini gaskiya ba ta ɓoye ba, in bai koma cin abinci ba jikinsa ba zai kai ko'ina ba.

Muka dawo na ɗaura ɗamara. Na yi kunun gyaɗa, na yi fate, na dama fura mai kyau da nonon da na aika aka sayo a ruga. Na zuba a kofin roba na bi shi gona ta ƙofar baya, na tsaya a gefensa ina miƙa masa. Ko kallona bai yi ba. Na sha gabansa, ya kauce mini kamar na zama kututture. Raina ya ɓaci na ɗaga murya, na ce wa zai kashe kansa dominsa, mutanen da ƙasa ta gama cinyewa. Ya dakata ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, “Baiwar Allah, matsa. Maza suna duƙe.”

Na koma gindin ɗorawa na zauna da kofina ina huci. Daga nan nake kallonsa, kuma daga nan na lura da abin da idona ya yi ta wucewa. Duk sanda ya kai ƙarshen kunya, kafin ya juyo, sai ya ɗaga kai ya dubi burtali, wajen da hanya take fitowa daga gari ta zagayo ta gindin kuka. Ya daɗe yana duba, sannan ya sauke ajiyar zuciya ya ci gaba. Da ya zo kusa da ni na ji yana magana shi kaɗai.

“Fura ba ta iso ba. A yi haƙuri, a ƙara kunya ɗaya.”

Ga fura a hannuna, taku kaɗan tsakaninmu. Sai a lokacin na tuna.

A gayya ba mai ɗagowa ya sha ruwa don ya ga dama, kuma makaɗi ba ya sa komai a bakinsa muddin akwai mai garma a duƙe. Ana jiran fura ne daga gidan mai gona. Ba ta ƙofar baya take zuwa ba, ta hanya take zagayowa a kan 'yammata, don kowa ya gani. Makaɗi ne yake fara hango ta. In ya gani sai ya sauya kiɗa zuwa wani mai sauri, mai daɗi, wanda ko yaro ya san ma'anarsa, maza su zubar da garemani su zauna a jere a inda aiki ya tsaya. A bi su ɗaya bayan ɗaya da ludayi. Makaɗi shi ne na ƙarshe, a gefe yake sha bayan kowa ya ƙoshi. A gayyar gidanmu kuwa, ni ce nake gaba da babbar ƙwarya.

Mu duk mun yi ta kai wa majinyaci abinci a ɗaki. Shi kuwa yana bakin aiki, an bar shi da mutane a rana ba a kawo musu komai ba.

Washegari na sa matar Yaya ta ciro mini babbar ƙwaryar Inna daga ƙarƙashin gado. Na dama fura har ta kusa cika, na rufe da faifai, na ɗora ludayi, na naɗa gammo. Yaya ya ce, “Yanzu ke ma kin shiga ciki ke nan?” Na ce masa in yana da wata dabarar ya kawo, in babu ya ɗora mini. Ya ɗora mini yana ƙunƙuni. Na fita ta zaure, mace da jikoki, da ƙwarya a ka, na ratsa gari mutane suna kallo. Wuyana ya manta aikin, ina tafe ina dafe da ita da hannu biyu.

Ina zagayowa gindin kuka kiɗan ya yanke. Na hango shi can tsakiyar gero, ya sa hannu ya kare rana daga idonsa. Sai ganga ta ɓarke da wannan kiɗan mai sauri da rabona da ji tun ina budurwa. Na ƙarasa wajensa.

Ya ce, “Uwata, yau kin makara.”

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na sauke ƙwaryar a gabansa na ɗebo ludayi na miƙa masa. Ya ɗaure fuska.

“Wa ya koya miki haka? Fara daga Sarkin Noma.”

Ya nuna mini bakin wata kunya da gula. Babu komai a wajen sai inuwar gero. Na ɗauki ƙwaryar na je na durƙusa, na ɗebo ludayi na riƙe a iska. Ban san tsawon lokacin da ake riƙewa ba, sai na jira har Baba ya ce, “Wuce.” Na mayar da furar cikin ƙwarya na matsa gaba. Haka na bi layin, yana faɗa mini wane ne a gabana, wane yana son ƙari, wane a yi masa a hankali haƙoransa ba su da kyau. Kunnuwana suna ta ƙara, ban yarda na ɗaga kai na dubi inda fuska ya kamata ta kasance ba. Da na zo kan mijin Gwaggo, na ji tana sharɓar hanci a bayan danga.

Da layi ya ƙare Baba ya sauke ganga, ya zauna a gefe, ya yi bisimilla. Ya sha ludayi ya ƙara, ya ƙara, har ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi. Ina kallon maƙogwaronsa yana motsi ina hawaye, ban damu da wa ya gani ba.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Yaya ba. Na san inda fura ta tsaya a ƙwaryar nan sanda na rufe ta a gida, kuma da na kawo ta gaban Baba ta sauka sosai. Na ce wa kaina a hanya na zubar, tun da kaina ya manta ɗaukar kaya. Zanina kuwa a bushe yake. Daga ranar ban sake duba cikin ƙwaryar ba kafin in kai ta gaban Baba.

Na nemi hutu a makaranta na zauna. Kullum rana tsaka ina zagayowa ta gindin kuka, kullum ana yi mini kiɗan isowa, kullum ni ce Uwata har zuwa sanda za mu koma gida. Muna shiga ta ƙofar baya nake komawa baiwar Allah, amma na daina jin haushi. Na riƙa zuba garin gyaɗa da dabino a furar. Kumatunsa suka ɗan ciko, har Yaya ya fara ɗora mini ƙwaryar ba tare da ƙunƙuni ba.

Gero ya fara fitar da kai ranar da abin ya sauya. Na zagayo kuka, na ji shiru. Na ƙara sauri. Na tarar da gangar a jingine a gindin ɗorawa, gula a kanta. Baba yana zaune a bakin kunya, a tsakiyar layin, tsakanin wurin ƙaninsa da wurin mijin Gwaggo. Ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannu a gwiwa kamar wanda ya sha aiki.

Na ce, “Baba, ba nan ne wurinka ba. Makaɗi a gefe yake sha.”

Ya ce, “An karɓe ni, Uwata. Sun ce na gaji.”

“Wa ya karɓe ka? Tashi mu koma gindin ɗorawa.”

Faɗa na so in yi, irin wanda na saba, amma ya dube ni da ido garau, irin kallon da yake yi mini ina yarinya in na fara rashin kunya a gaban mutane.

Ya ce, “Fara daga Sarkin Noma. Kada ki bar mutane suna jira.”

Na fara daga Sarkin Noma. Na durƙusa na ɗebo ludayi na riƙe a iska. Ba wanda yake ce mini wuce yanzu, ni nake ƙiyastawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina jan ƙafa don kada in iso, har na wuce ƙaninsa na durƙusa a gabansa. Ya karɓi ludayin da hannu biyu, ya shanye tas, ya miƙo mini. Na ce ya ƙara, ya girgiza kai, ya nuna mini gefensa da haɓa.

Baba bai ga girbin geron nan ba, bai kuma sake taɓa ganga ba. Amma a ranar, a gonar, ban san haka ba tukuna, ko kuma na sani na ƙi yarda. Na goge idona da bakin mayafi, na ja ƙwaryar zuwa gaba, na ɗebo wa mijin Gwaggo nasa, don akwai sauran mutane a bayan Baba da ba su sha ba.